In Ɓera da Sata, Daddawa Ma da Wari: Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga 'Ya'yanmu Masu Binciken Sefsis da Ɓeraye

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ƙannena da 'ya'yana, maza da mata, waɗanda kuke ɗakunan gwaje-gwaje a jami'o'in Ingila da Amurka da Jamus da Sin, da waɗanda kuka dawo gida kuna fafutukar kafa ɗakin kiwon ɓerayen bincike a jami'o'inmu, ina gaishe ku da aiki, ina gaishe ku da kewar gida. Allah Ya sa albarka a karatunku.

Ni likitan yara ne, na fi shekara ashirin a ɗakin kwanciyar jarirai da ƙananan yara a wani asibitin gwamnati a Arewa. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami wata maƙala ce da ɗaya daga cikinku ya aiko mini kwanan baya, sunansa na farko a jerin marubutan. Na yi murna ƙwarai, har na nuna wa abokan aiki. Sun cire wa ɓeraye wata ƙwayar gado guda ɗaya, suka yi musu allurar guba, ɓerayen da aka cire wa ƙwayar suka rayu, sauran suka mutu. A layin ƙarshe aka ce wannan zai iya zama sabuwar hanyar maganin sefsis, ciwon nan da a gida ake ce wa cuta ta shiga jini. A kan wannan layin na tsaya, na kasa wucewa, domin a daren da ya gabata na rufe wa wata jaririya ido.

Kwananta tara a duniya. A gida aka haife ta, aka yanke cibiya da reza, aka riƙa gasa ta da tsumma. Kwana uku kafin su zo ta daina kama nono. Kakarta ta ba ta ruwan rubutu, mahaifinta ya je kemis aka haɗa masa sirof, sai da jikinta ya yi sanyi ƙalau, numfashi na fita da gurnani, suka ɗauki hayar babur mai ƙafa uku. Da na buɗe zanin, cibiyar ta yi ja ta kumbura, tana wari. Mun daɗe muna neman jijiya kafin mu samu a fatar kai. Muka ba ta amfisilin da jentamaisin, muka sa mata iskar oksijin, muka ɗumama ta. Kafin asuba ta cika. Abin da muka faɗa wa mahaifiyar shi ne abin da muke faɗa kullum: cuta ce ta shiga jini.

Wannan shi ne sefsis a wajenmu. Kun san ma'anar da masana suka amince da ita a 2016, cewa garkuwar jiki ce ke rikicewa wajen yaƙi da ƙwayar cuta har ta koma tana lalata gaɓoɓin mai ita. Kun san kuma ƙididdigar da aka buga a mujallar Lancet a 2020, wadda ta ce a shekarar 2017 kaɗai mutum kusan miliyan 49 suka kamu, miliyan 11 suka rasu, wato kusan ɗaya cikin kowace mutuwa biyar a duniya, kuma nauyin ya fi danne Afirka kudu da Sahara. Don haka aikinku namu ne. Babu wanda ya fi mu buƙatar ku yi nasara.

Ni ma na riƙe ɓera. Lokacin ƙarin karatu na yi wata goma sha takwas a wani ɗakin gwaji a waje, kuma har yau hannuna yana tuna aikin. A sa ɓera barci, a aske masa ciki, a tsaga kamar tsawon farce, a zaro wata 'yar jaka da ke jikin hanji, a ɗaure ta da zare, a huda da allura, a matsa kaɗan har ɗigon kashi ya fito, a mayar a ɗinke. Wannan dabarar da Wichterman da Baue da Chaudry suka bayyana tun 1980, wadda kuke kira CLP, ita ce har yanzu aka fi amfani da ita. Da safe in ka zo za ka tarar da su sun takure a lungun keji, gashi ya tashi, ido a rufe, jiki ya yi sanyi. Na san wahalar wannan aiki, na san dararen da kuke yi ba barci kuna duba keji duk bayan awa kaɗan. Ba na cikin masu cewa a watsar da ɓera.

Ta yaya ma zan faɗi haka? Ɓera ne ya nuna mana ƙofar da jiki ke gane gubar ƙwayoyin cuta. Akwai wani tsatso na ɓeraye, C3H/HeJ, da aka daɗe da lura cewa gubar LPS, wadda ke bangon jikin wasu ƙwayoyin cuta, ba ta kashe su. Bruce Beutler da mutanensa a Dallas suka bi diddigin abin shekara da shekaru, har a 1998 suka gano cewa wata ƙwayar gado ce mai suna TLR4 ta lalace a jikinsu. Wannan ya kai shi ga lambar Nobel a 2011. Dabarar cire ƙwayar gado guda daga jikin ɓera kuwa, ita ta ba Capecchi da Evans da Smithies tasu lambar a 2007. Ilimi ne na gaske, kuma duk wani likita yana cin moriyarsa ko bai sani ba.

Amma ku dubi abin da ya biyo baya. Aka ƙera magani mai toshe wannan ƙofa ta TLR4, sunansa eritoran, aka gwada shi a kan majinyata kusan dubu biyu, sakamakon ya fito a 2013 cewa bai rage mutuwa ba. Wani maganin sefsis mai suna Xigris, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2001 aka yi ta murna, kamfanin ya janye shi daga kasuwa a 2011 bayan sabon gwaji ya nuna ba ya ceton rai. A 2013 ɗin dai Seok da abokansa suka fitar da maƙalar nan da ta tayar da ƙura a mujallar PNAS, suka ce yadda ƙwayoyin gadon ɓera ke amsa kumburi bai yi kama da na mutum ba, suka kuma tuna wa duniya cewa gwaje-gwaje kusan 150 na magungunan kashe wutar kumburi a jikin majinyata masu tsananin ciwo duk sun faɗi. Bayan haka wasu Japanawa biyu, Takao da Miyakawa, suka ɗauki bayanan nan guda, suka sake lissafi ta wata hanyar, suka ce a'a, kamannin suna da yawa. Har yau ana jan wannan igiya.

Ni a ganina an ɗora wa ɓera laifin da ya fi ƙarfinsa. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ku duba labarin TNF, wani sinadari da garkuwar jiki ke fitarwa mai hura wutar kumburi, ku gani. A 1985 aka nuna cewa in an toshe TNF, ɓera yana tsira daga gubar LPS. A 1987 Tracey da abokansa suka nuna haka a jikin birai, amma sun ba da maganin ne tun kafin a zuba ƙwayar cutar a jini. Da aka zo kan mutane, a gwajin da aka buga a 1996 na wani magani mai toshe TNF, mutuwa ta ƙaru ne yayin da aka ƙara yawan maganin: kashi 30 cikin ɗari a waɗanda ba a ba su ba, sama da kashi 50 a waɗanda suka sami mafi yawa. To amma tun 1990 an riga an buga cewa ɓerayen da aka huda wa hanji, wato masu ƙwayar cuta mai rai a ciki, suna buƙatar TNF ɗinsu domin su warke, in an toshe shi sai su mutu. Ɓera ya ba da amsoshi biyu ga tambayoyi biyu, kuma duka gaskiya ya faɗa. Mutane ne suka ɗauki amsar da ta yi musu daɗi suka tafi da ita asibiti. Haka ɓerayen C3H/HeJ ɗin nan da guba ba ta kashewa, in ka sa musu ƙwayar cutar Salmonela mai rai sun fi 'yan'uwansu saurin mutuwa.

Saboda haka roƙona na farko, ku daina kiran allurar LPS da sunan sefsis. Guba ce, ba ta hayayyafa, ba ta da maɓoya a huhu ko a cibiya, ba a kashe ta da antibayotik. Mutum mai lafiya in aka yi masa allurar nanogiram 2 zuwa 4 a kan kowane kilo na nauyinsa, zazzaɓi da rawar ɗari za su rufe shi. Ɓera kuwa sai an kai miligiram a kan kowane kilo kafin ya mutu, kuma nanogiram miliyan ɗaya ne ke yin miligiram ɗaya. Ku yi aiki da LPS in kuna son gane yadda wata hanya ke aiki a cikin tantanin halitta, babu laifi. Amma ku rubuta sunan abin da kuka yi.

Akwai kuma wani abu game da ɓeran da aka cire wa ƙwayar gado, wanda ban fahimce shi sosai ba sai da na dawo gefen gado. Wannan ɓeran tun yana cikin mahaifa ba shi da ƙwayar. Da rashinta ya girma, jikinsa ya nemi wasu hanyoyin ya cike giɓin, ƙwayoyin cikin hanjinsa ma suka zauna daidai da halinsa. Wato an ba shi maganin tun kafin a haife shi. Ni kuwa yarona yana iso mini a kwana na uku, ƙoda ta fara tsayawa, sukarin jini ya faɗi. Abin da ya kare ɓera daga kamuwa da wuta ba lallai ne ya kashe wutar da ta riga ta ci rabin ɗaki ba. Yanzu kuna da kayan aikin da ba mu da su a zamaninmu. Kuna iya kashe ƙwayar a nau'in tantani guda, kuna iya kashe ta a lokacin da kuka ga dama bayan ɓeran ya girma. In har kuna son ku ambaci kalmar magani, to ku jira awa shida, ku jira sha biyu bayan ciwo ya kama, ku toshe hanyar a lokacin, mu ga abin da zai faru.

Sannan ku san asalin ɓeranku kamar yadda ake binciken asali kafin a ba da aure. Labarin wata ƙwayar gado mai suna kasfes-1 ya isa darasi. A 1995 aka samar da ɓerayen da aka cire wa wannan ƙwaya, aka ga LPS ba ta kashe su, aka gina bincike mai yawa a kan haka. Sai a 2011 Kayagaki da Dixit a kamfanin Genentech suka gano cewa tantanin da aka yi aikin da shi daga tsatson ɓeraye mai lamba 129 ya fito, kuma wannan tsatso yana ɗauke da wata ƙwayar gado daban, kasfes-11, a lalace tun asali. Ƙwayoyin biyu maƙwabtan juna ne na kut-da-kut, duk yawan barbarar da aka yi ba ta raba su ba. Da aka ware su, sai ga shi rashin kasfes-11 ne ke kare ɓeran daga gubar. Shekara goma sha shida ana yaba wa wanda bai yi aikin ba. Ku masu aiki da Salmonela, ku tuna kuma cewa tsatson C57BL/6 da kuka fi amfani da shi yana da naƙasa a ƙwayar gado ta Nramp1, mai taimaka wa jiki yaƙar Salmonela, wadda take lafiya lau a tsatson 129. Don haka ku kwatanta ɓeranku da 'yan cikinsu ɗaya, waɗanda suka sha nono ɗaya suka kwana keji ɗaya, kada ku sayo na kwatance daga wani kamfani a kawo muku a kwali. Kuma a rubuta cikakken sunan tsatson a maƙala, har da harafin J ko N da ke ƙarshen sunan C57BL/6, domin ba ɗaya suke ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ɓeran da ake bari ba magani. Wane asibiti ne a duniya, komai talaucinsa, zai karɓi mai ruɓar ciki ya kwantar da shi ba antibayotik, ba ƙarin ruwa, yana kallo yana ƙidaya awannin mutuwarsa? Sabon magani in ya zo, a kan waɗannan zai hau, don haka a kansu ya kamata a gwada shi. A watan Mayun 2017 masana 31 daga ƙasashe 13 suka taru a Biyena, babban birnin Austriya, suka fitar da ƙa'idoji 29 da aka buga a 2018 da sunan MQTiPSS. Ku nemo su ku liƙa a bangon ɗakin gwajinku. Sun ce a ba dabbar antibayotik, a ba ta ruwa, a auna yadda gaɓoɓi ke lalacewa, a yi aiki da irin ƙwayoyin cutar da ke kama mutane, a ba da maganin raɗaɗi. Wannan na ƙarshe ba sai Turawa sun koya mana ba. Mun taso muna jin cewa Allah Ya wajabta kyautatawa a kan komai, har wuƙar yanka an ce a wasa ta domin a hutar da dabba. Ɓeran da aka tsaga wa ciki yana jin zafi. Ku ba shi bufrenofin, ku sa masa abin ɗumi, domin ɗakunan da ake kiwonsu a digiri 20 zuwa 24 na ma'aunin Salsiyos sanyi ne a gare shi, shi da ya fi sakewa a wajen 30. In ya kai inda ba zai dawo ba, ku hutar da shi. Za a tambaye ku a kansa.

Ko ƙarin ruwan ma, kada ku ɗauka magana ce da aka gama. Mu nan mun sha mamaki a 2011 da gwajin FEAST ya fito, wanda Kathryn Maitland ta jagoranta a Kenya da Uganda da Tanzaniya a kan yara fiye da dubu uku masu zazzaɓi mai tsanani. Yaran da aka ɗura wa ruwa da sauri, kusan kashi 10.5 cikin ɗari suka rasu cikin awa 48, waɗanda ba a ɗura wa ba kuwa kashi 7.3. Abin da aka koya mana a matsayin ceton rai ya zamo yana ƙara mutuwa a irin yaranmu, kuma har yau dalilin bai gama warwaruwa ba. Ga tambayar da ɓera zai iya taimakawa a kai, in an samu mai yi masa ita.

Wane ne ɓeranku, in aka mayar da shi mutum? Saurayi ne ɗan mako takwas zuwa sha biyu, galibi namiji, ƙoshe, bai taɓa ciwo ba, ruwan shansa tatacce, abincinsa gasasshe, iskar ɗakinsa ma tacewa ake yi. A 2016 masu bincike a Jami'ar Minnesota suka nuna cewa garkuwar jikin irin wannan ɓera ta fi kama da ta jariri sabon haihuwa, kuma sai da aka haɗa shi keji ɗaya da ɓerayen kantin sayar da dabbobi ta koma irin ta baligi. A 2019 Rosshart da abokansa a cibiyar NIH ta Amurka suka dasa 'yan tayin ɓeran gwaji a mahaifar ɓerayen daji. 'Ya'yan da aka haifa gadonsu na ɗakin gwaji ne, ƙwayoyin jikinsu na daji. Da aka maimaita gwajin toshe TNF a kansu, maganin bai cece su ba, daidai da yadda bai ceci mutane ba.

Majinyatana ba su san keji mai tsabta ba. Yaron da ke zuwa mini ya yi zazzaɓin cizon sauro sau uku a damina ɗaya, jininsa ya yi ƙasa, gashinsa ya yi ja saboda tamowa, wani sa'in kuma sikila ce da shi, saifarsa ta daina aiki tun yana ƙarami. A nan ne nake ganin rabonku, ku da kuka san gidajen da waɗannan yara suka fito. Ku dubi aikin Aubrey Cunnington da Eleanor Riley a Landan, wanda ya fito a 2012. Likitocin Afirka sun daɗe suna ganin yara masu zazzaɓin cizon sauro suna kamuwa da Salmonela a jini. Suka ɗauki wannan tambaya daga gefen gado, suka kai wa ɓera, suka gano cewa fashewar jajayen ƙwayoyin jini tana tayar da wani sinadari mai suna HO-1, shi kuma yana raunana fararen ƙwayoyin jinin da ke kashe ƙwayar cuta. Daga nan suka koma Gambiya, suka auna jinin yara, suka tarar raunin yana nan har makonni bayan zazzaɓin ya tafi. Daga yaro zuwa ɓera, daga ɓera a dawo kan yaro. Irin wannan nake roƙonku.

Kayan aikin suna nan. Tun 1997 akwai ɓerayen da aka sa wa jinin sikila na mutum, na Berkeley da na Townes, kuma babu ƙasar da ta kai Nijeriya yawan haihuwar masu sikila. Ana iya sa ɓera a kan abinci maras furotin ya yi tamowa. Ana iya yin aiki da jariran ɓeraye. Ƙwayoyin cutar ma an san su: binciken BARNARDS da ya bi jarirai sama da dubu talatin da shida a ƙasashe bakwai, har da Kano da Abuja, ya nuna ƙwayar cutar Klebsiella na kan gaba, kuma yawancin irin waɗannan ƙwayoyi ba sa jin amfisilin, da yawa ba sa jin jentamaisin, magungunan nan biyu da na ba jaririyar da na ba ku labari. Me zai hana ku yi gwaji da Klebsiella da aka ciro daga jinin jariri a nan, maimakon tsohuwar ƙwayar da ta shekara hamsin tana zaune a firijin ɗakin gwaji?

Ku da kuke gida kuna rubuta takardar neman kuɗin TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, ina da magana ɗaya da ku. Kada ku yi gaggawar sayo ɓeraye masu tsada kafin ku tabbatar da wutar da ba ta ɗaukewa, da ruwa, da mai kula da dabbobi wanda aka horar, da kwamitin ɗa'a da zai iya ce muku a'a. Ɓeran da ya kwana uku cikin zafin Afrilu saboda janareta ya lalace ya zama wani ɓeran daban, sakamakonsa ba zai gaya muku komai ba. Kuma in gwaji ya nuna babu bambanci, ku buga shi haka nan, domin wani a Zariya ko Damagaram kada ya ɓata shekara biyu yana bin hanyar da kuka riga kuka ga ba ta ɓullewa. In 'yan jarida suka zo, kada ku ce an gano magani. Iyayen yara suna jin rediyo, washegari ni suke tambaya ina maganin da aka ce.

Ɗana da ka aiko mini da maƙalarka, ina alfahari da kai, kuma na san shugaban ɗakin gwajinka ne ke da ta cewa a kan yawancin abin da na lissafa. Duk da haka ka kai masa maganar, ka nemi a maimaita gwajin da ƙwayar cuta mai rai, da antibayotik, da mata da maza, a fara toshe hanyar bayan ciwo ya kama. In ka zo hutun Sallah, ka ba ni dare biyu daga cikin kwanakinka. Zan nemar maka izini da farar riga, ka zauna tare da mu a ɗakin jarirai daga magariba zuwa asuba, ka riƙe mana fitila muna neman jijiya. Ka zo da littafin rubutunka.

Naku,
Wani likitan yara daga Arewa